Sani, Tanko da Auta: Sunan da Ke Faɗin Matsayin Yaro a Gida

A ƙasar Katsina, in ka ji sunan mutum, sau da yawa ka ji rabin labarin haihuwarsa. Kakanninmu ba su ajiye littafin haihuwa ba, amma sun ajiye suna. Da shi a kan gane ko yaro na fari ne ko na ƙarshe, ko maza ya biyo ko mata, har da ranar da ya faɗo duniya. Mun ga ya kamata mu yi magana a kan wannan, gama yanzu sunayen nan sun shiga takardun ƙungiyoyinmu da na banki, a can kuwa suna jawo wa waɗansu 'yan'uwa wahala.

Mu fara da na ƙidaya. A birnin Katsina, inda karatun Larabci ya daɗe da kafuwa, magidanci ya kan so ya sa wa dukan 'ya'yansa maza Muhammadu. To, yaya za a bambanta su? Sai a bi su da ƙidayar Larabci. Na fari Auwalu, wanda bakin Katsinawa ya mai da shi Lawal. Na biyu Sani, na uku Salisu, na huɗu Rabi'u, na biyar Hamisu. Wanda Allah ya ba shi yawan zuriya ya kan zarce zuwa Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har Ashiru, watau na goma. Amma a lura, ba kowane Sani ne na biyu ba a yau. Da yawa sun ci sunan kaka ne ko na aminin uba, ƙidayar ta ɓace, sunan ya tsaya.

Fulani ma suna da nasu tsari. A wurinsu Dikko ɗan fari ne, Sambo kuwa namiji na biyu. Sunan Dikko ya zauna daram a Katsina, don kuwa Sarki Muhammadu Dikko ya riƙe sarauta daga 1906 har 1944, zuriyarsa ce ke kan gadon har yanzu, babban filin wasa na birnin ma sunansa ya ci. Al'adar ba ta tsaya ƙasarmu kaɗai ba. Mutanen Roma na dā sun yi haka, shi ya sa masu karatun Littafi Mai Tsarki su kan gamu da Sakundas a Ayyukan Manzanni, da Tartiyas da Kawartas a ƙarshen wasiƙar Romawa. Ma'anarsu ita ce na biyu, na uku, na huɗu. Ashe Sani da Salisu da Rabi'u ne na wancan zamani.

Ko sunayen rana ma ƙidaya ce a ɓoye. Lahadi, Litinin, Talata, Laraba da Alhamis daga kalmomin Larabci na ɗaya zuwa biyar suka fito. Saboda haka Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Balarabe da Laraba, Lami da Ɗanlami, duk suna ɗauke da lamba ba su sani ba. Jummai da Asabe ne kaɗai suka fita daga lissafin.

Waɗanda suka fi ba mu sha'awa su ne na Hausa tsantsa, waɗanda har yanzu ke da ƙarfi a ƙauyuka, musamman gidajen da suka fito daga Maguzawa wajen Malumfashi da Ƙafur. Waɗannan ba lamba suke faɗi ba, wanda yaro ya biyo suke nunawa. Namijin da ya zo bayan mata shi ne Tanko. Macen da ta zo bayan maza ita ce Kande ko Delu. Wanda ya biyo tagwaye Gambo ne, namiji ko mace. Na ƙarshe Auta, ko da ya ke mun sha ganin Auta goye da ƙaninsa, gama ba a yi shawara da Mai bayarwa ba. Wanda aka haifa wata bakwai Bakwaini, wanda ya daɗe a ciki Shekarau. Manomi kuma ya kan duba gona ya sa suna: Nomau lokacin noma, Anaruwa in ana tsuga ruwa, Ciwake in wake ya nuna.

Akwai kuma na baƙin ciki. Matar da 'ya'yanta ke ta mutuwa ta kan kira sabon jariri Ajuji ko Ayashe, kamar ba ta damu da shi ba, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Wata ta ce Barmini, roƙo ne ke nan a fili. Duk inda ka ji sunayen nan sun yi yawa a tsara guda, ka san an sha ƙyanda da tarin shiƙa da zazzaɓi a garin nan kafin allurar rigakafi ta iso. Raguwar su a bakin mutane abin godiya ne.

Me ya sa sunayen nan suka danne na yanka? Alkunya ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, matar gida ba ta faɗin sunan surukinta, ko da an mayar wa jariri da shi ranar suna. Sai ta nemi laƙabi, yaran gida su ɗauka, unguwa ta ɗauka. Mutum ya yi furfura ana ce masa Tanko, alhali ran bakwai da aka yi masa aski Yakubu aka raɗa masa.

Ga inda wahalar ta ke. Magatakardan ƙungiya ya rubuta Tanko, gama da shi ya san mutumin. Takardar makaranta ta ce Yakubu. Katin baftisma ya ce Yakubu Tanko. Tun da aka kawo lambar BVN ta banki a 2014, ga kuma lambar ɗan ƙasa ta NIN, kwamfuta ba ta san alkunya ba, ba ta kuwa san Tanko da Yakubu mutum guda ne ba. In rancen taki ko na iri ya biyo ta banki, aka ga suna ya saɓa, sai a ajiye takardar mutum gefe. Kafin ya je birni ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, ruwan shuka ya wuce shi. Haka kuma in akwai Sani uku a ƙungiya guda, biyu kuma ubansu Audu, bashin wani ya kan hau kan wani, zumunci ya ɓaci a kan buhu ɗaya.

Ba mu ce a yar da sunayen nan ba, ko kusa. Dattawa su kan dafa su in ana gardamar wane ne babba wajen rabon gonar gado, sun kuwa sha kashe rigima. Abin da muke roƙon magatakarda shi ne su buɗe layi biyu a littafin ƙungiya: ɗaya na sunan da ke kan katin mutum, harafi da harafi, tare da sunan uba da na kaka, ɗaya kuma na laƙabin da aka san shi da shi. Iyaye kuma su sani, dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar, ana kuma samun ma'aikatanta a ofishin ƙaramar hukuma da asibitoci da dama. Kafin a tafi, uba da uwa su zauna su daidaita sunan da za a rubuta, a sa laƙabin a tsakiya in ana so, wannan ɗin kuma shi za a kai makaranta da ikkilisiya da banki.