Haƙƙin Ɗan Sanda da Ɗan Kwana-kwana Idan Mutuwa ko Naƙasa Ta Same Su a Bakin Aiki

Idan ɗan sanda, ko ɗan kwana-kwana, ko gandiroba ya rasu yana cikin aikin Gwamnatin Tarayya, iyalinsa sukan nufi kamfanin fanshonsa da zaton cewa a can ne dukan haƙƙinsa yake. Alhali kuwa bisa dokokin ƙasar nan kuɗin yana fitowa ne daga wurare uku dabam-dabam, kowanne da mai biyansa da takardun da yake nema, kuma sau da yawa na kamfanin fansho shi ne mafi ƙanƙanta.

Tushen maganar shi ne Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda ta kawo tsarin asusun ajiya na kowane ma'aikaci, aka kuma maye gurbinta da ta 2014. A ƙarƙashin ta 2014 ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa kowane wata, wanda ya ɗauke shi aiki kuma yana ƙara kashi 10. Tun a 2011 aka cire sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin, amma dokar 2014 ta bar 'yan sanda da sauran masu kayan sarki a ciki, watau irin su jami'an shige da fice da na kiyaye haɗurra. A shekarar ce ma aka ba 'yan sanda kamfanin fansho na kansu, NPF Pensions.

Wannan asusu ba ya yin alkawarin wani adadi. Abin da aka tara da ribar da ya haifa, shi ke nan abin da ke ciki. A ɗauki misalin kurtun da albashinsa Naira 100,000 ne a wata. Abin da ke shiga asusunsa Naira 18,000 ne, watau Naira 216,000 a shekara. In ajali ya riske shi bayan shekara biyar da kama aiki, magadansa za su tarar da Naira 1,080,000 da ribar da ta hau kai. Ga matar da aka bari da yara ƙanana, wannan kuɗin bai kai albashin mijinta na shekara guda ba in an cire riba. Tsarin ajiya yana amfanar wanda ya daɗe yana zubi ne, shi kuwa harsashi ko gobara ba su tambayar shekarun aiki.

Kafin a saki ko kwabo daga asusun, tilas magada su kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, sa'an nan Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta amince. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin wanda ma'aikaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba lalle ne ya zama magajinsa ba. Dokar ta kuma yi tanadi ga wanda ya ɓace: in an shekara ba a gan shi ba, kuma kwamitin binciken da hukumar ta kafa ya gamsu cewa ya rasu, sai a biya kamar yadda ake biyan haƙƙin mamaci.

Domin cike giɓin asusun ne doka ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya yanka musu inshorar rai ta bai-ɗaya, wadda ba za ta gaza ninki uku na jimlar albashin shekara ba. Ma'aikaci ba ya biyan komai a ciki. Ga kurtun da aka ba da misali da shi, wannan Naira 3,600,000 ke nan, ko a bakin aiki ya rasu ko a kan gadonsa. A dokar 2004 kuɗin inshorar cikin asusun fansho ake zuba shi, sai ya maƙale a bayan takardun kotu. Ta 2014 ta gyara wannan, ta ce kamfanin inshora ya biya wanda mamacin ya ambata da sunansa.

Sai dai inshorar ta shekara-shekara ce, kuma ƙa'idar kasuwar ita ce in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya. Dokar ta ce wanda ya yi sakacin biya shi zai ɗauki nauyin duk wanda ya rasu a tsakanin. A farkon 2023 rundunar 'yan sanda ta raba cakin kuɗi na fiye da Naira miliyan dubu 13 ga dubban iyalai, bashin jami'an da suka rasu tsakanin 2012 da 2020 a lokutan da babu inshora a kansu. Wanda aka biya a 2023 kan mutuwar da aka yi a 2012, duk ɗan kasuwa ya san abin da faɗuwar darajar Naira ta ci daga cikin kuɗinsa.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne a kan wanda ya tsira da ransa amma ya naƙasa. Abin da dokar fansho ta wajabta inshorar mutuwa ce, ba ta biyan wanda ya rasa ƙafa ko ido. Rangwamen da ta yi masa kawai shi ne ba sai ya jira ya kai shekara 50 ba kafin ya taɓa asusunsa, muddin ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya shaida cewa ba zai iya ci gaba da aiki ba. Zai iya neman a sake duba lafiyarsa sau ɗaya cikin shekara biyu, in ya warke ya sami aiki ya koma cikin tsarin. Amma kuɗin nasa ne dai da ya tara, kuma yanzu za a shimfiɗa shi ne a kan sauran rayuwar matashi mai shekara 30, ga kuɗin magani. Bisa lissafin fansho kaɗai, iyalin wanda ya rasu sun fi na wanda ya naƙasa samu.

Abin da ya kamata ya toshe wannan ƙofa shi ne Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci komai. Sojoji ne dokar ta keɓe. Ta tanadi kashi 90 cikin 100 na albashi, wata-wata, ga wanda ya naƙasa gaba ɗaya saboda aiki, har ya kai shekara 55, ko lokacin da da zai yi ritaya in ya wuce haka. In mutuwa ce ta dalilin aiki, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana da kashi 90, mai ɗa guda kuma kashi 85. Kurtun misalinmu zai sami Naira 90,000 a wata, cikin wata 40 ke nan diyyar ta kamo dukan kuɗin inshorar rai. Har ila yau dokar ta haɗa da haɗarin da ya auku a kan hanyar zuwa aiki ko komawa gida.

Ga alama wannan ita ce mafi tsoka cikin ukun, amma ita ce aka fi jahilta, kuma tana da wa'adi. Ana son a sanar da wurin aiki cikin kwana 14 da aukuwar abin, wurin aiki ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a kuma shigar da takardar neman diyya cikin shekara guda. Iyalin da ke fama da jinya ko takaba ba safai suke tuna lissafin kwanaki ba, saboda haka nauyin yana komawa kan ofishin da jami'in ya yi wa aiki.

A watan Yulin 2025 'yan sanda masu ritaya suka yi zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin ajiya kamar yadda aka yi wa sojoji. Kukan nasu a kan ƙanƙantar fanshon wata ne. Batun mai naƙasa, wanda bai kai ga ritayar ba ma, ba a ji shi da irin wannan ƙarfi ba.

Dokokin nan ba su tsaya a kan gwamnati ba. Kamfanin masu gadi, ko masana'antar da ke da nata 'yan kwana-kwana, in ma'aikatanta sun kai 15, dokar 2014 ta ambace ta kai tsaye a kan fansho da inshorar rai, ita kuwa dokar diyya ta hau kan kowane mai ɗaukar aiki. Mai kamfanin da bai sabunta inshora ba, mai gadinsa ya rasu, albashin shekara uku zai fitar daga aljihunsa. Kazalika takardun shaidar bin doka na PenCom da NSITF suna cikin abubuwan da ake nema daga mai neman kwangilar Gwamnatin Tarayya.