Ma'aikatan Jinya da Kiyaye Lafiyar Majinyaci a Karaye da Rogo

A babban asibitin Karaye da na Rogo, kamar sauran asibitocin karkara, likita yakan duba majinyata ya rubuta magani ya wuce, nas ce ke kwana a bakin gado. Ita ke yin allura, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta lura idan numfashi ya canja. Shi ya sa kuskuren da zai cutar da majinyaci yawanci a hannunta ake tare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan majinyaci 1 cikin 10 yakan cutu a yayin da ake yi masa magani, kuma fiye da rabin wannan cutarwa ana iya kauce mata.

Da damina aikin ya fi tsanani. Zazzaɓin cizon sauro yakan cika ɗakin yara, kuma allurar atesunet da nauyin yaro ake auna ta, saboda haka ba a yin ta da ƙiyasin ido, sai an ɗora shi a sikeli. Ga kuma yawan suna ɗaya: Aisha biyu ko uku a ɗaki guda ba abin mamaki ba ne, dole a haɗa da sunan uba da lambar kati kafin a ba da magani, balle ƙarin jini. A ɗakin haihuwa, mai jijjiga da aka yi wa allurar magnesiyam salfet sai an riƙa duba numfashinta da fitsarinta, domin maganin kan yi yawa a jiki. Wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci kuwa ya shafi ran ma'aikaci kansa. Zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano a watan Janairun 2020.

Abin da ya fi wuya shi ne faɗin kuskure. Inda ake tozarta wanda ya yi, ɓoyewa ake yi, gobe wani ya maimaita. Inda shugabar nas-nas ta saurara, aka binciki dalili, ko ƙarancin ma'aikata ne ko rubutun da ba ya karantuwa, gyara yakan samu. Haka kuma ƙaramar nas tana bukatar damar tambayar likita idan ta ga adadin magani bai yi daidai ba.

Masu jinya daga gida ma su faɗa wa nas duk maganin gargajiya ko na kyamis da majinyaci ya sha, kada su ɓoye.