Yadda Masu Talla Ke Tsinka Mana Yawu

Kowane ɗayanku ya san talla. Da sassafe yarinya takan ɗauko ƙosai a faranti, ta bi layi tana kira, tana cewa da zafinsa. In ka tsayar da ita, za ka ga ƙosan da idonka, ka ji ƙamshinsa, wani lokaci har ta ba ka ɗanɗano. In ya kwana, hancinka zai gaya maka. Amma akwai wata irin talla wadda ba a ɗauke ta a ka. Ita ce wadda manyan kamfanoni ke yi a rediyo da talabijin da waya, da kuma manyan allunan nan da ake kafawa a bakin titi. A nan ba ka jin ƙamshi, ba a ba ka ɗanɗano. Hoto ne da magana kurum. Saboda haka masu wannan talla suka yi dogon tunani a kan yadda za su sa yawun mutum ya tsinke a kan abin da bai ko taɓa ba.

Babbar dabararsu ita ce su haɗa abincin da daula. Sun lura cewa kusan kowa yana sha'awar zaman sarakuna da attajirai, ko da na ɗan lokaci ne. To, sai su nuna maka cewa wannan daula tana nan a cikin ɗan kwali, kuɗi kaɗan za ka ba da ka same ta.

Ga misali. A ƙasar Italiya akwai wani kamfani mai suna Ferrero. A shekarar 1982 ya fito da wata alewar cakulan mai suna Ferrero Rocher. 'Yar dunƙule ce, ba ta kai ƙwan kaza ba, da wani ɗan itace mai kama da gyaɗa a tsakiyarta. Kowace ɗaya sai aka naɗe ta da takarda mai ruwan zinariya, aka zaunar da ita a cikin ɗan ƙoƙon takarda. A shekarun 1990 aka yi ta nuna tallarta a talabijin a Ingila. Ana nuna gidan wani jakada ana liyafa, maza da mata sun ci ado, fitilu suna walƙiya. Can sai ga bara ya shigo da faranti, an jera alewar a kai, an tsiba ta kamar dalar gyaɗar da ake yi a Kano a zamanin da. Baƙi suka ɗauka suna murna, har wata ta ce wa jakada lalle ya shagwaɓa su. Ku lura fa, ba a tsaya bayanin abin da ke cikin alewar ba. Abin da ake so mai kallo ya ji a ransa shi ne, in ya sayi kwali ɗaya a kanti, shi ma ya zama baƙon jakada.

Wani lokaci ma suna kaɗai ya isa. A birnin New York na Amurka an yi wani mai sana'ar askirim, sunansa Reuben Mattus. Wajen shekarar 1960 ya yi wani askirim mai yawan maiƙon madara, yana so ya sayar da shi da tsada. Sai ya raɗa masa suna Häagen-Dazs, ya buga taswirar ƙasar Denmark a jikin mazubinsa. Mutane suka ɗauka daga can Turai aka kawo shi. Ashe sunan ba shi da ma'ana a harshen Denmark, ko a wani harshe na duniya. Shi ya ƙaga abinsa. Gaskiya askirim ɗin yana da kyau, ba a ce ba. Amma da sunan gida ya sa masa, da wuya mutane su yarda su biya wannan kuɗi da sauri haka.

Sa'an nan sai hoto. Akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai yi wa abinci kwalliya kafin a ɗauki hotonsa, kamar yadda ake shirya amarya. Sukan shafa wa nama mai don ya yi sheƙi. Sukan fesa wa kwalbar lemo wani ruwa mai kauri, ya tsaya ɗigo-ɗigo kamar raɓa, don ka ga kamar yanzu aka ciro ta daga ƙanƙara. Ka tuna da wannan hoto da tsakar rana a watan bazara, ka ji ko maƙogwaronka bai motsa ba! Wani lokaci kwalliyar takan wuce gona da iri. A shekarar 1968 aka gano cewa masu ɗaukar hoton miyar gwangwani ta kamfanin Campbell a Amurka suna zuba 'yan duwatsun gilashi a gindin kwano. Duwatsun sai su turo kayan lambu sama, miya ta yi kamar ta cika maƙil da kayan daɗi. Hukumar da ke kula da ciniki a ƙasar ta tuhumi kamfanin, ya yi alkawarin dainawa. Mai kallo dai, da ba a tona ba, da kallon kitse ya yi ta yi wa rogo.

Har wa yau, ku saurari maganar da ke rakiyar hoton. Ba a cika cewa ka ci don ka ƙoshi ba. Cewa ake yi ka gaji, ka cancanci hutawa, ka ɗan ji daɗin ranka. Wannan daɗin baki yana kawar da 'yar kunyar da mutum kan ji in ya ga kwaɗayi na neman rinjayarsa.

Me ya sa ake wannan wahala duka? Dalili shi ne, yawancin abin da ake yi wa irin wannan talla kayan zaƙi ne da maiƙo, waɗanda jiki ba ya bukatarsu da yawa, amma akwai riba a cikinsu. Ba kasafai za ka ga an kafa wa zogale ko wake allo a bakin titi ba. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yakan ƙunshi sukari wajen giram 35, watau kusan cikin cokalin shayi 9. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa irin wannan sukari kada ya wuce wajen cokali 12 a yini ga babban mutum, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Yaro kuwa, nasa bai kai haka ba. Yawan sukari shi ke ruɓar da haƙori, yana kuma kawo ƙiba mai jawo ciwon sukari.

Waɗansu ƙasashe sun tashi tsaye a kan wannan. A Chile, can Kudancin Amurka, wata doka ta fara aiki a shekarar 2016. Duk abincin kwali da sukarinsa ko gishirinsa ko kitsensa ya yi yawa, tilas a buga masa baƙar alama a gaba, kuma an hana a yi wa yara tallarsa da zanen dabbobi masu ban dariya.

Ku ma akwai abin da za ku iya dubawa da kanku. In kun sami kwalin biskit ko takardar alewa, ku bar gaban nan mai ƙyalli, ku juya baya. Za ku ga waɗansu ƙananan rubuce-rubuce inda aka jera abubuwan da aka haɗa. Ƙa'ida ita ce a fara da wanda ya fi yawa, a ƙare da wanda ya fi ƙanƙanta. Ku nemi sukari, ku ƙirga ku ga na nawa ya zo, ku kawo wa malaminku amsa gobe.