Tseren babur marar birki: Abin da ke damun magoya bayansa a Turai da darasin da ke ciki ga Nijeriya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta ratsa Kagoma zuwa Kwoi, a kudancin Jihar Kaduna, ya san matsayin babur a rayuwar jama'ar yankin. Shi ke ɗauko buhunan citta daga gona, shi ke kai marar lafiya asibiti, shi ne kuma jarin dubban matasa 'yan acaɓa. Ranar biki kuwa, kamar yadda ake gani a garuruwan Arewa da dama, a kansa samari ke nuna bajinta wajen rakiyar ango, wani lokaci a tashi lafiya, wani lokaci a kwana a gadon asibiti.

A wasu ƙasashe an daɗe da mayar da wannan sha'awa ta gudu sana'a mai doka da alƙali da albashi. Ɗaya daga cikin tsofaffin nau'o'inta shi ne tseren babur marar birki, wanda ake kira sifidwe. Wasan ya haura shekara 100, amma a yau bakin magoya bayansa ya rabu biyu: a Poland filaye na cika maƙil, a Birtaniya kuwa ana rufe su ɗaya bayan ɗaya. Dalilan wannan bambanci sun cancanci a duba su.

Yadda ake wasan

Filin tseren zagayayye ne mai siffar ƙwai, tsawonsa tsakanin mita 260 zuwa 425. Ba a malala masa kwalta ba, an dai shimfiɗa masa niƙaƙƙen dutse mai kama da burji. Mahaya huɗu ke tashi lokaci guda, su zagaya sau huɗu suna karkata hagu, cikin kamar minti ɗaya an gama. Na ɗaya ya sami maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. A karawar kulob da kulob akan yi irin wannan tsere sau 15 a yammaci guda, a tara maki, a fitar da wanda ya yi nasara.

Babur ɗin ya sha bamban da wanda aka saba gani a titi. Injinsa mai silinda ɗaya ne, girmansa cc 500, wato ninki biyar na ƙaramin Bajaj Boxer da 'yan acaɓa ke hawa. Giyarsa ɗaya ce tak, ba ya shan fetur sai sinadarin metanol, kuma ba shi da birki ko kaɗan. Idan mahayi ya iso kwana yana gudun da ya haura kilomita 100 a sa'a, sai ya karkata babur ɗin, tayar baya ta riƙa zamewa gefe tana watsa tsakuwa, shi kuma ya dafa ƙasa da ƙafar hagu wadda ke sanye da takalmin ƙarfe. Da totur kaɗai yake sarrafa gudun. Wannan zamiya ita ce gishirin wasan, ita ce kuma ke jawo masu kallo.

Zamanin da Wembley ke cika

Galibi ana danganta farkon wasan da wani taro da aka yi a West Maitland ta ƙasar Ostireliya a watan Disamba na 1923, ƙarƙashin jagorancin Johnnie Hoskins. Ya shiga Ingila a watan Fabrairu na 1928, inda aka yi gasa a High Beech kusa da Landan. A 1936 aka yi gasar zakaran duniya ta farko a filin Wembley, ɗan Ostireliya Lionel Van Praag ya lashe ta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasan ya zama abin shaƙatawar ma'aikatan masana'antu da iyalansu, har a shekarun 1970 ana yawan cewa in ban da ƙwallon ƙafa babu wasan da ya kai shi 'yan kallo a Birtaniya. A zamanin ne Ivan Mauger na New Zealand ya ci kambun duniya sau shida, tsakanin 1968 da 1979. Gasar ƙarshe da aka yi a Wembley a 1981, wadda Ba'amurke Bruce Penhall ya lashe, ta tara mutum fiye da 90,000. Da wannan zamani dattawan magoya baya ke auna halin da ake ciki yanzu, kuma Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Kuka na farko: fili

Babban abin da ke ci wa magoya baya tuwo a ƙwarya a Birtaniya shi ne rufe filaye. Yawancin kulob-kulob ba su mallaki wurin da suke wasa ba, 'yan haya ne, sau da yawa a filayen tseren karnuka. Da farashin ƙasa ya tashi a birane, sai masu filayen suka ga gina gidaje ya fi musu riba.

An daina tsere a Wimbledon da ke Landan a 2005. An rufe filin Brandon na kulob ɗin Coventry a ƙarshen 2016. Swindon ta ci kofin babban rukuni a 2019, amma tun daga lokacin ba ta sake yin kakar wasa ba. Peterborough, wadda ta ci kofi a 2021, ta rasa filinta a 2023, shekarar da Wolverhampton ma ta bar Monmore Green, inda aka fara tsere tun 1928. A kakar 2024 kulob bakwai kacal suka rage a babban rukuni. Abin da ya fi yi wa magoya baya zafi shi ne ganin cewa ko cin kofi bai hana a tashi kulob daga gidansa ba.

Sai dai ba su naɗe hannu ba. A Coventry sun shafe shekaru suna adawa da gina gidaje a filin, har majalisar yankin ta ƙi amincewa da shirin a 2022, ɗaukaka ƙarar da masu ginin suka yi kuma ta faɗi a farkon 2024. A Oxford, inda aka daina tsere a 2007, fafutukar mazauna gari ta taimaka har aka dawo da shi a 2022.

Kuka na biyu: ɗan wasan wane ne?

Ƙwararren mahayi a yau yakan yi wa kulob uku ko huɗu wasa a ƙasashe daban-daban cikin mako guda. An raba ranakun: Litinin da Alhamis na babban rukunin Birtaniya, Talata ta Suwidin, Laraba ta Denmak, Juma'a da Lahadi na Poland. Tsarin ya saukaka wa 'yan wasa zirga-zirga, amma ya raba kulob-kulob na babban rukunin Birtaniya da ranakun ƙarshen mako, lokacin da iyaye ke iya zuwa da yara. Daren Litinin kuwa, gobe akwai aiki, akwai makaranta.

Akwai kuma tsarin aron ɗan wasa. Idan mahayi ya ji rauni, doka ta yarda kulob ɗinsa ya aro wani daga kulob na daban na dare guda. Don haka wanda ya kayar da ku a makon jiya yana iya sanya rigarku a wannan makon. Ga kuma dokar ƙayyade ƙarfin tawaga bisa matsakaicin makin kowane mahayi, wadda kan tilasta wa kulob da ya yi fice sallamar wasu gwanayensa. Masu gudanarwa na cewa ƙarancin mahaya ne ya jawo aron, kuma in babu ƙa'idar maki masu kuɗi za su kwashe gwanaye duka. Magoya baya na amsawa da cewa yaro ba ya shaƙuwa da gwanin da zai bar gari baɗi.

Sauran ƙorafe-ƙorafen sun shafi yammacin wasan kansa. Tsere 15 na minti ɗaya-ɗaya ba su wuce kwata na sa'a ba, amma zaman yakan kai sa'a biyu, ana jiran tarakta ta gyara fili ko tanka ta yi yayyafi. Idan an daddaɓe fili ya yi sumul, wanda ya riga fita daga layin tashi shi ke cinyewa, ba a ganin wuce juna. Ruwan sama kuma yakan sa a ɗage wasa bayan mutum ya ƙona mai ya zo daga nesa.

Poland: inda kasuwar ke ci

A Poland labarin daban ne. Babban rukuninta, Ekstraliga, mai kulob takwas, shi ne mafi kuɗi a duniya, a can gwanaye ke samun mafi yawan abin da suke rayuwa da shi. A garuruwa kamar Leszno, Toruń, Gorzów, Zielona Góra da Lublin, kulob ɗin tsere abin alfaharin gari ne, dubban mutane ke zuwa kowane wasa da tutoci da ganguna.

Abubuwa uku ake yawan ambatawa a matsayin sirrin. Na farko, yawancin filayen mallakar hukumomin birane ne, ba a fargabar mai gida ya ba da takardar tashi. Filin Motoarena na Toruń, wanda aka buɗe a 2009, don wannan wasa aka gina shi, har da rufi. Na biyu, akwai kuɗin talabijin da na manyan kamfanoni, ciki har da kamfanin wutar lantarki na PGE da gasar ke ɗauke da sunansa. Na uku, doka ta wajabta wa kowane kulob sanya matasa biyu da ba su haura shekara 21 ba a kowace karawa, abin da ya sa dole su riƙa horar da yara.

Daga wannan tsari Bartosz Zmarzlik ya fito. Ya tashi a kulob ɗin Gorzów, ya ci kambun duniya a 2019, 2020, 2022, 2023, 2024 da 2025, ya kamo Mauger da Tony Rickardsson na Suwidin masu shida-shida. Duk da haka mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Magoya bayan Poland na kokawa kan tsadar albashin mahaya da bashin da ke kan wasu kulob-kulob, da dogaro ga tallafin hukuma. Na sauran ƙasashe kuwa tsoronsu shi ne wasan ya koma na ƙasa ɗaya.

Gasar duniya da batun tsaro

Har zuwa 1994 a dare ɗaya ake fitar da zakaran duniya. Daga 1995 aka koma jerin gasanni a ƙasashe daban-daban ana tara maki, Hans Nielsen na Denmak ya fara lashewa. Wasu na ganin wannan ya fi adalci, wasu na kewar zullumin dare guda. An ƙara samun saɓani a 2020, da aka koma ba da maki bisa matsayin da mahayi ya ƙare a kowace gasa, na ɗaya ya sami 20, maimakon ƙirga abin da ya tara a kowane tsere.

Shimfiɗa filin wucin gadi a manyan filayen ƙwallo ma ya jawo muhawara. A Warsaw a 2015 dole aka tsayar da gasa bayan tsere 12 saboda lalacewar fili da na'urar tashi. Gasar Birtaniya, wadda aka fara yi a katafaren filin Cardiff a 2001, ta koma ƙaramin filin Belle Vue na Manchester a 2025. Masu son tsere zalla sun yi murna domin filin ya shahara da wuce juna, wasu kuwa sun ɗauke shi alamar cewa kasuwa ta ja baya.

Babu saɓani a kan cewa haɗari na nan. Duk da katifun iska da aka jera a jikin katangar kwanoni, ɗan Ingila Lee Richardson ya rasu sakamakon haɗari a Wrocław a 2012, matashin gwanin Ostireliya Darcy Ward kuma ya sami raunin laka a Zielona Góra a 2015, wanda ya kawo ƙarshen wasansa. Don samar da sabon jini cikin kulawa, hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta ɓullo da rukunonin matasa, ciki har da na yara masu hawan ƙananan babura da aka fara a 2023 da taimakon Rickardsson.

Abin lura ga Nijeriya

Idan aka tattara koke-koken, za a ga kaɗan ne suka shafi ainihin tseren. Mutum huɗu a kan babura marasa birki suna tunkarar kwana guda har yanzu abin kallo ne. Abin da magoya baya ke nema shi ne filin da ba za a ƙwace ba, ranar da iyali za su iya zuwa, da ɗan wasan da za su kira nasu. Inda aka samu waɗannan uku, wasan na raye.

Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ake wannan gasa, kuma a nahiyar nan Afirka ta Kudu ce ke da daɗaɗɗen tarihi a kai. Amma Arewa ta san tsere tun kafin zuwan babur, ga sukuwar dawaki nan da filayenta a Kano da Katsina da Kaduna. Sha'awar gudu da ke zukatan samarin Kafanchan ko Zariya ba za ta gushe don an hana ba, a kan titi dai take ɓulla, inda babu hular kwano, babu alƙali, babu motar asibiti, ga kuma masu tafiya a ƙasa. Duk ƙaramar hukuma ko ƙungiyar masu babura da ke son mayar da wannan sha'awa wasa mai tsari, tarihin sifidwe ya nuna mata inda za ta fara: ta mallaki fili da takarda a hannu, ta kewaye shi, ta tanadi ma'aikatan lafiya da dokar kayan kariya, sannan a yi maganar kofi. Ba a fafe gora ranar tafiya.