Ciwon Karkarwa: Yadda Ake Sake Koya Wa Ƙafa Tafiya A Ƙasar Nok

Duk wanda ya ji an ambaci Nok, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne mutum-mutumin yumɓun nan da masu haƙar kuza suka fara tonowa a cikin 1928, waɗanda suka kai sunan wannan ƙauye na ƙasar Jaba har gidajen tarihin Turai. Amma ga mutanen da ke zaune a wurin, da na Kwoi da Kagoro da Kafanchan, ƙasar tasu ƙasar duwatsu ce da hawa da gangara, inda gonar citta take nesa da gida, rafi kuma yake can ƙasan kwari. A irin wannan wuri ƙafa ita ce jarin talaka. Ran da ta ƙi bin umurnin mai ita, to, noma ya tsaya, kasuwa ta tsaya, zuwa coci ko masallaci ma sai an sami mai riƙewa.

Akwai wani ciwo wanda aikinsa ke nan. Likitoci suna kiransa cutar Parkinson, da sunan wani likitan birnin Landan, James Parkinson, wanda ya fara bayyana kamanninsa a rubuce a cikin 1817. A Hausa akan ce ciwon karkarwa ko rawar jiki, ko da yake sunan bai cika ba, domin akwai masu ciwon da hannunsu ba ya rawa ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke fama da shi. Shi ne ciwon da aka tabbatar wa shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali a 1984, duniya kuwa ta ga hannunsa yana rawa sa'ad da ya kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996.

Asalin abin a ƙwaƙwalwa yake. Akwai wasu ƙwayoyi a can cikinta masu samar da wani sinadari da ake kira dofamin, wanda shi ke sa motsin da mutum ya saba ya riƙa gudana ba tare da tunani ba. Idan ƙwayoyin nan suka yi ta mutuwa sannu a hankali, sai jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, taku ya gajarce, mutum ya ranƙwafa yana jan ƙafa, hannu ya daina lilo in ana tafiya. Ba sammu ba ne, ba kuma a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko gaisawa. Wannan magana tana bukatar nanatawa, gama gidaje da yawa sukan ƙarar da awakinsu wajen neman karya asiri kafin a tuna da asibiti. Tsufa ne babban abin da ke jawo shi, akwai kuma hannun gado. Binciken masana ya kuma danganta shi da daɗewa ana hulɗa da wasu magungunan feshi, musamman na kashe ciyawa mai suna farakwat, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. Manomin da ke goya tankin feshi ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ya kamata ya ji wannan.

Abin da ya fi ba iyali mamaki shi ne daskarewa. A ɗauki misalin dattijon da ya taso daga ɗaki lafiya lau, da ya iso bakin ƙofa sai ƙafafunsa su kafe kamar an liƙa su da ƙaro. Yana so ya tafi, ƙirjinsa ya riga ya yi gaba, ƙafa ta ƙi. Nan ne ake faɗuwa. Fiye da rabin masu wannan ciwo sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi. Wanda ya faɗi sau ɗaya kuwa sai tsoro ya kama shi, ya zauna wuri guda, zaman ya cinye sauran ƙarfin ƙafar, faɗuwa ta biyu ta matso kusa. 'Ya'ya masu tausayi da ke cewa, "Baba, zauna ka huta, mu za mu yi," ba su san suna taya ciwon aiki ba.

To, a nan ne ma'aikatan gashin ƙashi suka gano wata dabara mai ban sha'awa. Tun da hanyar tafiya ta sabo ce ta lalace, sai a bi da saƙon ta wata hanya, wato ta ido ko ta kunne. Dattijon nan da ya kafe a bakin ƙofa, idan aka ja masa layuka a ƙasa da toka ko farar ƙasa, tazarar taku ɗaya tsakaninsu, aka ce ya tsallake na farko, sau da yawa sai a ga ƙafa ta ɗagu. Haka nan idan aka yi masa ƙirga, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko aka riƙa tafa masa hannu daidai wa daida. An gwada wannan a Ingila da Beljiyam da Holan a kan marasa lafiya 153 a gidajensu, sakamakon da aka buga a 2007 kuwa ya nuna tafiyarsu ta gyaru, sai dai gyaran yakan dusashe in an bar yi. A 2010 likitocin birnin Nijmegen na Holan suka nuna hoton wani mutum wanda da ƙyar yake taku kaɗan kafin ya kife, amma da aka ɗora shi bisa keke sai ya tuƙa abinsa sumul.

Kudancin Kaduna ba ta rasa kiɗa ba. Ƙasar da matan zumunta ke buga tulu kowace Lahadi, ƙasar da ake bikin Tuk Ham a Kwoi, ba sai an sayo mata injin ba da sauti daga waje ba. Waƙar da tsoho ya sani tun yana saurayi, in tana da bugu madaidaici, ta isa ta zame masa jagora daga ɗaki zuwa zaure.

Game da tsayuwa daram kuwa, a 2012 an buga wani bincike daga jihar Oregon ta Amurka a kan mutum 195, inda waɗanda suka yi wasan motsa jikin Sinawa mai suna taici sau biyu a mako har mako 24 suka fi sauran iya riƙe jikinsu. Sirrinsa bai wuce mayar da nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan a hankali ba, abin da za a iya yi a tsakar gida ana dafe da bango. Ana kuma koya wa mara lafiya ya yi taku manya da gangan, ya fara sa diddige, ya juya ta hanyar yin kewaye maimakon murɗawa a wuri ɗaya, ya tashi daga kujera ya koma sau da dama a jere. In ya daskare, kada a ja hannunsa; ya tsaya, ya miƙe, ya karkata dama da hagu, sa'an nan ya jefa ƙafa. Kada ya haɗa tafiya da hira ko ɗaukar kaya. Silifa da kujera 'yar tsugunno da tabarma mai naɗaɗɗen baki abokan gaba ne, masai na tsugunno kuma yana bukatar sandar kamawa. Da damina, in gansakuka ta kama dutse, sai a ƙara kula.

Duk wannan ba ya maye gurbin magani. Kwayar lebodofa, wadda aka fara cin moriyarta sosai tun wajen 1967, ita ce har yanzu ginshiƙi, kuma motsa jiki ya fi amfani a sa'ar da take aiki a jiki. Nama da wake da nono sukan rage shigarta, shi ya sa likitoci kan ce a sha ta kamar rabin sa'a kafin abinci. Matsalar ita ce tsada da ƙaranci, abin da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka nuna a binciken kantunan magani na ƙasar nan. Wani abin mamaki, 'ya'yan ƙarara, ciyawar nan mai ƙaiƙayi da manoma ke tsinewa, suna ɗauke da sinadarin lebodofa, har an yi gwajinsu a asibiti. Amma ƙarfinsu ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, don haka ba abin da mutum zai daka ya sha da ka ba ne.

Saura maganar nisa. Shekara da shekaru mai wannan ciwo daga Nok, in yana son ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sai ya nufi Jos ko Abuja ko Kaduna ko Shika ta Zariya, tafiyar da ke cin kuɗin mota na mutum biyu, tun da ba ya iya zuwa shi kaɗai. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da babban asibitin Kafanchan, mai sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya. A garin kuma akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma ta jihar. Mahukuntan da za su tsara sassan wannan cibiya za su so sabbin injuna da manyan gine-gine, ba laifi, amma sashen gashin ƙashi ba ya cin ko kusa da haka: ɗaki mai faɗi, sanduna biyu na kamawa, da ma'aikaci wanda zai koya wa ɗaliban jinya da ma'aikatan ƙananan asibitocin Jaba da Kaura da Zangon Kataf yadda ake gane mai jan ƙafa tun bai fara faɗuwa ba.