SHEKARAR DA KADUNA UNITED TA YI TASHE, KAFANCHAN NA CIKIN MAKOKI

Jama'ar arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Inugu da sauran garuruwan kurmi, musamman 'yan jihar Kaduna, yau a wannan fili za mu waiwayi wata kakar wasan ƙwallon ƙafa wadda ba ta kamata a manta da ita ba, watau kakar rukuni na ɗaya ta 2010 zuwa 2011. A cikinta ne kulob ɗin Kaduna United ya kai inda bai taɓa kai wa ba, a cikinta ne kuma kudancin jihar, tun daga Zonkwa har Kafanchan, ya ga tashin hankalin da har yau mutane ba su daina jimaminsa ba. Abubuwan nan biyu sun faru ne cikin watanni ɗaya, har ma ɗaya ya taɓa ɗaya, kamar yadda mai karatu zai gani.

Sai mu fara daga kofi. Tun 1945 a ke buga Kofin Ƙalubale a ƙasar nan, kuma shekara sittin da biyar cur babu wani kulob na jihar Kaduna da ya taɓa ɗaga shi. An yi kusa, ba a yi ba. DIC Bees ta kai wasan ƙarshe a 1983, Rangers ta Inugu ta hana ta. Ta sake kai wa a 1987 bayan ta zama Ranchers Bees, Abiola Babes ta Abeokuta ta hana ta. Sai a watan Agusta na 2010, a birnin Kano, Kaduna United ta kara da Enyimba ta Aba, aka tashi uku da uku, aka je bugun daga kai sai gola, Kaduna ta ci uku, Enyimba biyu. Wanda ya san Enyimba, wadda ta ɗauki kofin zakarun Afirka sau biyu a jere a 2003 da 2004, ya san ba ƙaramin namijin ƙoƙari aka yi ba. Mai horad da 'yan wasan kuwa wani dattijon Bature ne ɗan ƙasar Beljiyam, Maurice Cooreman, wanda ya riga ya ci gasar ƙasa da Ocean Boys a 2006.

Kulob ɗin na gwamnatin jiha ne, saboda haka tilas a ambaci wanda ke kan kujera. Wata uku kafin wannan nasara, a watan Mayu na 2010, aka ɗauke Namadi Sambo zuwa Abuja ya zama mataimakin shugaban ƙasa, mataimakinsa Patrick Ibrahim Yakowa ya hau gwamna. Yakowa mutumin Fadan Kagoma ne cikin ƙaramar hukumar Jama'a, wadda hedkwatarta ke Kafanchan, kuma shi ne ɗan kudancin jihar na farko da ya riƙe wannan muƙami. To ka ga kofin farko ya zo a hannun gwamnan farko daga kudu. Mutanen Kagoro da Kwoi da Kafanchan na da dalilin cewa wannan kofi namu ne, kamar yadda na Zariya da Tudun Wada ke da shi.

ANEKE DA ƘWALLAYE 20

Aka buɗe sabuwar kaka a watan Nuwamba na 2010 da kulob 20. 'Yan'uwanmu na Ikko za su tuna cewa a lokacin nan babu kulob ko ɗaya na Ikko a rukuni na ɗaya, duk girmanta da arzikinta. Wanda ke Agege ko Idi Araba in yana son ganin Kaduna United da idonsa, sai ya shiga mota zuwa Badun ranar da za ta kara da Shooting Stars. Na Fatakwal su suka more, domin suna da kulob biyu a gari, Dolphins da Sharks, ga kuma Aba da Owerri nan kusa.

Tauraron Kaduna a wannan kaka shi ne Jude Aneke. Sunan nan na mutanen gabas ne, amma rigar Kaduna ya sa, sunan Kaduna ya ɗaukaka. Kamar yadda ku ke neman abincinku a kurmi, haka shi ma ya nemi nasa a arewa. Ya jefa ƙwallo 20 a raga, abin da babu wanda ya taɓa yi tun da aka fara gasar ƙwararru a 1990. A shekarar farkon nan Ishaya Jatau ya ci 17 yana yi wa Iwuanyanwu Nationale ta Owerri wasa, aka shekara ashirin ba a wuce shi ba, sai da Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars 18 a kakar 2009 zuwa 2010. Ahmed Musa bai ko gama shan kirari ba, Aneke ya ɗora biyu a kai.

Mai karatu na iya cewa ƙwallo 20 cikin wasa 38 ai ba abin a zo a gani ba ne, a Ingila da Sifen ana cin talatin. Gaskiya ne. Amma wanda ya san gasarmu ta wancan zamani ya san baƙo ba ya cin gari. Kulob zai kwana a hanya cikin bas, ya sauka a filin da ya fi kama da gonar da aka gama girbi, ga 'yan kallo a wuyan alƙalin wasa. In aka tashi kunnen doki a waje, murna a ke yi kamar an ci kofi. Duk wanda ya tara 20 a haka, ya ci sunansa ɗan wasa.

WATAN AFRILU

Ana tsakiyar kaka aka shiga zaɓe. An jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa ran 16 ga Afrilu 2011, da sakamako ya fara fitowa sai wuta ta tashi a jihohin arewa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800 a jihohi 12 cikin kwana uku, kuma jihar Kaduna ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. A arewacin jihar an ƙona majami'u an kashe Kirista, a kudancinta, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da ƙauyukan kewaye, an ƙona masallatai an kashe Musulmi da yawa. Kasuwar Kafanchan ta ƙone ƙurmus, dukiyar Musulmi da ta Kirista duka. Dubban mutane suka tsere suka tare a sansanin alhazai na Mando a Kaduna. Zaɓen gwamna ma sai da aka ɗage shi zuwa 28 ga wata, Yakowa ya ci.

Ba sai an gaya wa mazauna kurmi abin da Kafanchan ta ke ba. Tun 1927 da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta ratsa Inugu da Makurɗi ta haɗu da ta Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, garin ya zama mararraba. Iyaye da kakannin da yawa daga cikinku ta nan suka bi da shanu da kaya suka gangara kudu. Gari ne da ya tara Bahaushe da Bafulatani da Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Inyamuri da Bayarabe a layi ɗaya. Shi ya sa abin ya yi ciwo.

Nan ne maganar ta taɓa ƙwallo. Saboda kofin da ta ci, Kaduna United na wakiltar Nijeriya a gasar Kofin Ƙalubale na Afirka, kuma a zagaye na biyu aka haɗa ta da Etoile du Sahel ta birnin Susa a ƙasar Tunisiya, gagarumin kulob wanda ya ci kofin zakarun Afirka a 2007. Wasan farko a Nijeriya za a yi. Mutanen Tunisiya suka ji labarin abin da ke faruwa, suka ce ƙafarsu ba za ta taka ƙasar nan ba. (Su da ba su kai wata huɗu da korar shugabansu Ben Ali da zanga-zanga ba, amma suka ga namu ya fi ƙarfinsu.) Hukumar ƙwallon Afirka ta ba Kaduna nasara ba tare da an buga ko minti ɗaya ba. A ganina babu nasarar da ta kai wannan ɗaci a tarihin ƙwallon jihar. An wuce zagaye, amma da jinin mutanen Zonkwa da Kafanchan da Zariya aka biya kuɗin ƙofa.

Sai dai yaran sun wanke kansu. A zagaye na gaba aka ba su Entente Setif ta Aljeriya, aka ci su ɗaya da nema a can, suka rama da uku da nema a gida. Da haka suka shiga sahun kulob takwas na ƙarshe, aka sa su rukuni ɗaya da Club Africain ta Tunis da ASEC ta Abijan da Inter ta Luwanda. A nan ƙarfinsu ya ƙare, ba su fita rukunin ba. Club Africain ce ta wuce har ta fitar da Sunshine Stars ta Akure a wasan kusa da na ƙarshe, kana ita ma MAS ta birnin Fas ta doke ta.

A gida kuwa, ga hutun zaɓe, ga ɗage wasanni, ba a rufe kakar ba sai Nuwamba 2011, shekara guda ke nan cif. Dolphins ta Fatakwal ta zama zakara, Sunshine Stars ta biyu, Warri Wolves ta uku. Kofin Ƙalubale ya bar Kaduna ya koma Owerri hannun Heartland. Cikin kulob huɗu da suka faɗi, uku na arewa ne: Plateau United da JUTH ta Jos da Zamfara United, ta huɗunsu Crown ta Ogbomosho.

WATA ƘASA CAN CIKIN ƘANƘARA

Bari mu ɗan leƙa wani wuri don a ga bambanci. Akwai wani tsibiri can ƙuryar arewacin Turai, Aislan, wanda jama'arsa duka ba su kai na ƙananan hukumomin Jama'a da Zangon Katab in an haɗa su ba. Saboda tsananin sanyi ba sa iya wasa sai da bazararsu. A 2011 kulob 12 suka fara a watan Mayu, kowa ya buga wasa 22, farkon Oktoba an gama, KR ta babban birni ta kwashe gasa da kofi. Watau sun fara bayan mun yi wata shida muna yi, sun gama sun bar mu a fili.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kulob ɗin da ya zo na uku, IBV. Daga wani ɗan ƙaramin tsibiri na masunta ya ke, mutanensa ba su kai dubu biyar ba, ko unguwa ɗaya ta Kafanchan ta fi su. Mai horad da su a lokacin, Heimir Hallgrimsson, likitan haƙori ne a garin. Akwai kuma Akranes, garin da bai kai mutum dubu goma ba, amma ya ci gasar ƙasar sau 18. Kulob-kulob ɗinsu na mutanen gari ne, yaro tun yana firamare ya ke shiga, iyayensa su ne 'yan kwamiti, su ne masu sayar da shayi a bakin fili. Wannan likitan haƙori shi ne ya kai ƙasarsa gasar cin kofin duniya a Rasha, inda ran 22 ga Yuni 2018 Ahmed Musa, wanda Aneke ya sha gabansa, ya zura musu biyu da nema.

Mu kuwa fa? Daga Kafanchan zuwa Kaduna tafiyar awa uku ce ko fiye a mota. Yaron Gidan Waya ko Manchok ko Kachia mai ƙafar ƙwallo, in bai sami wanda zai kai shi babban birni ba, a filin makaranta zai tsufa. Jihar da ta fitar da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, duk ƙwallonta ta taru a gari ɗaya, a jingine da baitulmalin gwamnati. In gwamna na son wasa a ci a sha, in ba ya so, ko hankalinsa ya koma kan kashe gobara, sai 'yan wasa su yi ta bin bashin albashi da kuɗin sa hannu, abin da ya daɗe da zama ruwan dare a kulob-kulob na jihohi. Ba na cewa ƙwallo za ta hana faɗa, wannan magana ce ta masu jawabi a wajen buɗe gasa. Amma dai a 2011 Kaduna United na cikin 'yan abubuwa ƙalilan da ɗan Kagoro da ɗan Rigasa za su ji a rediyo su ce "mun ci" a tare, kuma ba a riƙe ta da kyau ba.

Watsewar ba ta ɗau lokaci ba. Efe Ambrose, haifaffen Kaduna, ya riga ya tafi Isra'ila tun 2010, daga can ya wuce Celtic, ya ci kofin Afirka da Nijeriya a 2013. Aneke ya koma Warri Wolves, Cooreman ma ya kama gabansa. Gwamna Yakowa ya rasu ran 15 ga Disamba 2012 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a jihar Bayelsa, aka kai shi Fadan Kagoma aka binne. A kakar 2014 Kaduna United ta faɗi daga rukuni na ɗaya, shekara huɗu kacal bayan ta ɗaga kofi a Kano. A wannan kakar ce kuma Mfon Udoh ya ci ƙwallo 23 ya shafe tarihin Aneke, yana sanye da rigar Enyimba.