CLAUDIA KOHDE-KILSCH: KOFUNA SUN CIKA ƊAKI, ASUSU YA KWANA FAYAU

A shekara ta 2011 wata mata a birnin Saarbrücken na ƙasar Jamus ta gabatar da takardun karayar arziki gaban hukuma, tana mai bayyana cewa abin da ke hannunta ba ya isa ya biya basussukan da ke kanta. Irin wanga abu yana faruwa kullum a ƙasar Turai ba wanda ke waiwaya. Abin da ya sa jaridu suka ɗauki maganar shi ne sunan matar: Claudia Kohde-Kilsch, wadda ta taɓa zama ta 4 a duniya a wasan tanis, ta ci kofin Amurka da na Wimbledon a wasan bibbiyu, kuma kuɗin da ta samu na lada a filin wasa kawai sun haura dala miliyan 2. In aka juya su a kuɗinmu na yau, sun wuce miliyar ɗaya na sefa. Ina suka shiga?

Kafin mu je can, bari mu ga yadda aka tara su, domin ba a kwance aka same su ba.

An haife ta ranar 11 ga Disamba 1963 a Saarbrücken, babban birnin jihar Saar, wani ɗan yanki na ma'aikatan gawayi da ƙarfe da ke manne da iyakar Faransa. Sunanta na farko Claudia Kohde. Kilsch ɗin da aka liƙa daga baya sunan mijin uwarta ne, Jürgen Kilsch, wanda ya riƙe ta tun tana yarinya, ya kuma zama wakilinta mai kula da kwangiloli da kuɗinta lokacin da ta fara shiga manyan gasa. Mai karatu ya riƙe wanga suna, za mu komo kansa.

Allah ya yi ta doguwa, mita 1 da santimita 87, kuma tsawon nan ya yi mata rana. Tanis iri biyu ne: na ɗai-ɗai, inda mutum guda ke karawa da guda, da na bibbiyu, inda ake haɗa biyu da biyu. Tsawon fili ɗaya ne, mita 23,77, amma a wasan bibbiyu ana faɗaɗa shi daga mita 8,23 zuwa 10,97. Mita 2,74 kacal aka ƙara, alhali an ƙara mutum guda cur a kowane ɓangare. Ke nan fili ya matse, ƙwallo ba ta daɗewa tana kai da komo, kuma wanda ya mallaki bakin raga shi ke da wasa. Doguwar mace mai dogon hannu, in ta tsaya gab da raga, sai ta zama katanga. To, a tsakiyar shekarun 1980 Claudia ta samu abokiyar tafiya da ta fi ta tsawo da santimita guda, watau Helena Suková ta ƙasar Cakoslobakiya. A wancan zamani katangar Balin tana nan daram: ɗaya daga Jamus ta Yamma, ɗaya daga ƙasar ƴan gurguzu, amma a fili kamar uwa ɗaya ta haife su.

Matsalarsu ita ce zamanin da suka faɗo ciki. Martina Navratilova da Pam Shriver ne ke mulkin wasan bibbiyu na mata. Daga 1983 zuwa 1985 sun yi wasa 109 a jere ba a kayar da su ba, a 1984 kuma suka kwashe dukan manyan kofuna huɗu na shekara: Ostiraliya, Roland-Garros, Wimbledon da na Amurka. Claudia ta sha kai wa wasan ƙarshe ta iske su a bakin ƙofa. A Ostiraliya sun kayar da ita a 1982, da 1984, da 1985. A Paris ma haka, 1984 da 1985. Duk wanda ya taɓa buɗe shago kusa da na babban attajirin kasuwa ya san irin wanga zama: kana da kaya, kana da ƙoƙari, amma cinikin ƙarshe wajen maƙwabci yake ƙarewa.

A watan Satumba 1985, a birnin Niyok, rana ta juya. Claudia da Helena suka sake haɗuwa da su Navratilova a wasan ƙarshe na gasar Amurka. Turmin farko ya kuɓuce musu da ƙyar, 6-7. Sai suka ɗauki na biyu 6-2, suka ɗauki na uku 6-3. A shekarar ce kuma ta hau matsayi na 4 a duniya a wasan ɗai-ɗai. Da a wata ƙasa take, ko a wata shekara, da an yi mata kiɗa da waƙa. Amma wata biyu kafin nan wani saurayi ɗan shekara 17, Boris Becker, ya ci Wimbledon, Jamus duka ta rikice da murna, ga kuma wata yarinya Steffi Graf tana tasowa kamar gobarar daji. Claudia ta zama ta uku a gidan da ake kiran suna biyu kawai.

Shekararta mafi albarka 1987 ce. A watan Yuli ita da Helena suka ci Wimbledon, inda suka doke Betsy Nagelsen da Elizabeth Smylie 7-5, 7-5. Bayan ƴan makonni aka je Vancouver ta Kanada domin gasar ƙasashe ta mata da ake kira Federation Cup, wadda Jamus ba ta taɓa ci ba. A wasan ƙarshe da Amurka, Pam Shriver ta kayar da Claudia, Steffi Graf ta rama a kan Chris Evert. Aka tsaya 1-1, sai wasan bibbiyu zai raba gardama. Claudia da Steffi suka shiga, su Evert da Shriver suka yi musu dukan kawo wuƙa: 6-1 a turmin farko, suna gaba da 4-0 a na biyu. Ci biyu ya rage a naɗe tabarma. Daga nan ne ƴan matan Jamus suka farfaɗo, suka ƙwace turmin 7-5, suka ɗauki na ƙarshe 6-4. A ganina wanga wasa shi ne ya fi nuna ko wace ce Claudia. Steffi shekararta 18, gwana ce ta bayan fili, ba ta saba da wasan bibbiyu kamar yadda ta saba da na ɗai-ɗai ba. Wadda ta san hanyar raga, ta san inda za a tsaya da lokacin da za a tsallaka a tare ƙwallo, ita ce babbar. Amma in ana ba da labarin ranar, sunan Steffi ne ke fara fitowa. A shekarar da ta biyo, 1988, su biyun suka samo wa ƙasarsu lambar tagulla a wasannin Olamfik na Seyul.

Da ta ajiye raket a 1994, tana da kofuna 8 na ɗai-ɗai da 25 na bibbiyu.

A nan ya kamata mai karatu, musamman ɗan kasuwa, ya san yadda kuɗin tanis suke. Ba albashi ba ne, ba kuma fansho a bayansu. Lada ce ta gasa: ka ci ka samu, ka faɗi a zagayen farko ka koma da ɗan abin da bai kai kuɗin jirgi ba. Daga cikin ladar ake biyan mai horarwa, da masauki, da tikiti, da haraji na ƙasar da aka yi wasa. A wasan bibbiyu kuwa ladar ba ta kai ta ɗai-ɗai ba ko kusa, sannan a raba ta gida biyu. Ɗan wasa yana da kamar shekara goma zuwa goma sha biyar ya tara abin da zai ci har tsufa. Kuma a cikin shekarun nan yana yawo daga nahiya zuwa nahiya, ba ya da lokacin zama ya duba takardun banki. Dole wani ya riƙe masa jaka.

Mai riƙe wa Claudia jaka shi ne mijin uwarta. A yadda ita ta ba da labari daga baya, tun tana budurwa ta sakar masa komai, ba ta tambayar lissafi, domin wa zai ce wa wanda ya raine shi kawo littafi in gani? Da wasa ya ƙare ta nemi sanin abin da ta mallaka, sai ta iske babu. Ta kai shi kotu, shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru tana cin ɗan abin da ya saura. Ya rasu a 2004 ba tare da dukiyar ta komo hannunta ba. Mutumin ba ya da rai balle ya kare kansa a wanga shafi, don haka ba za mu yanke masa hukunci ba. Abin da ba ya da jayayya shi ne, mace da ta yi shekara goma sha cikin gwanayen duniya ba ta san abin da ke cikin asusunta ba sai da ta daina samu.

Kuma ba ita kaɗai ba ce a cikin tsararta. Peter Graf, uban Steffi kuma mai kula da kuɗinta, an kama shi a 1995, kotu ta ɗaure shi a 1997 saboda ƙin biyan haraji. Boris Becker, wanda ya samu ninkin-ba-ninkin abin da Claudia ta samu, kotun Landan ta bayyana karayar arzikinsa a 2017, a 2022 kuma ya shiga kurkuku saboda ɓoye dukiya ga masu binsa bashi. Taurari uku na tanis ɗin Jamus a shekarun 1980, dukansu sai da maganar kuɗi ta kai gidansu gaban alƙali. Bambancin shi ne Steffi ta fita da dukiyarta, Becker kuwa hannunsa ne ya jawo masa. Claudia ba a taɓa tuhumarta da cin haƙƙin kowa ba.

Ba ta ɓuya ba bayan 2011. Ta fito a jaridu da talabijin ta faɗi halin da take ciki, abin da manyan mutane da yawa ke gwammace mutuwa da su yi. A 2012 Oskar Lafontaine, tsohon magajin garin Saarbrücken kuma tsohon shugaban gwamnatin jihar Saar, ya jawo ta cikin siyasa: ta zama kakakin ƴan majalisar jam'iyyar Die Linke, ta masu ra'ayin talakawa, a majalisar jihar. Wasu sun yi dariya, wai attajirar jiya ta koma wajen masu zagin attajirai. Ita kuwa ta riga ta san ofishin masu bin bashi daga ciki, abin da galibin ƴan siyasa sai a takarda suke karantawa. Ta tsaya takarar majalisar tarayya a 2013 ba ta samu ba. A 2014 mutanen Saarbrücken suka zaɓe ta a majalisar birni, a garin da aka haife ta.